Ranar da Darakta Ya Zama Mai Ba da Hayar Zaure

Mu masu kula da layukan faiba, wato zaren gilashin da haske ke bi ya kai magana, mujiyoyi ne. Ba a taɓa na'ura sai sha biyun dare ta gota, masu waya sun yi barci. A wani dare na hunturu aka tura ni ɗakin na'urori a Wuse, in mayar da layukan kwastomomi biyu na Garki kan sabuwar na'ura: ofishin wani kamfani da wani otal.

Na'urar irin ta SDH ce. Hasken yana ɗauke da megabit 155 a daƙiƙa, an yanka shi gida 63, kowane gida layin E1 guda mai ɗaukar kira 30 a lokaci ɗaya. Takardar aiki ta ce ofishi gida na 2, otal gida na 22. Na saita haka, abokin aikina da ke Garki ya saita haka a tasa, fitilu suka yi kore shar. Baba maigadi ya haɗa mini shayi, na kama hanyar Kubwa ina jin kaina wani shege.

Hantsi bai gama dubawa ba oga ya kira. "Malam, me ka yi wa bayin Allah?"

Ashe tun safe wayar teburin Daraktan kamfanin ke ruri. Wata Hajiya ta kira tana son zauren biki na ranar Asabar. Ya ce nan ba otal ba ne. Ta ce, "Ɗan nan, in an riga ni kamawa ka faɗa mini gaskiya, ba sai ka yi ƙarya ba." Ta ajiye ta sake kira, ta ce a ba ta manaja, yaron da ya ɗauka ɗazu ba shi da tarbiyya. Mutumin da direba ke buɗe wa ƙofa! A can otal kuwa, yarinyar da ke karɓar baƙi tana ta shan zagin 'yan kwangila masu bin kuɗinsu tun bara.

A Abuja in layi ya sami matsala, katafilar masu gyaran titi ake fara zargi, kuma yawanci ita ɗin ce. Amma yankewar faiba jar fitila take kunnawa, kuma layin zobe ne, kafin ƙiftawar ido, cikin milisakan 50, ya juya ta ɗaya hannun. Aka ce to ƙura ce, tunda tsakiyar zaren ba ta wuce maikiron 9 ba. Na goge kawunan wayoyi har hannuna ya gaji, duk da na san ƙura ba ta taɓa mayar da Darakta mai otal ba. Na Garki ya turo hoton allonsa, 2 da 22. Na tura nawa, 2 da 22. Muka fara ambaton takardun makarantar juna. Baba maigadi ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, garin nan tsakanin duwatsu yake, kuma duwatsu da masu su. A nemo malami ya yi tofi."

Wani tsohon injiniya da ya yi zamanin NITEL ne ya raba gardamar, ta waya, yana tauna goro. Tambaya ɗaya ya yi: kamfani ɗaya ne ya ƙera na'urorin biyu? Muka ce a'a. Ya yi dariya har da tari. Gidajen nan 63 rukuni uku ne, 21 kowanne, kamar layuka uku na unguwa. Wata na'urar sai ta gama ƙirga gidajen layin farko ta shiga na biyu, wata kuwa gida ɗaya take ɗauka a kowane layi tana zagayawa. Na 2 a wurina shi ne na 22 a Garki, na 22 kuma shi ne na 2. Da wasu lambobin ne da layi ya mutu kowa ya huta, sai muka faɗa kan biyun da ke musanya da juna daidai wa daida.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Takardar ban haƙuri ce ta ci mini yini, don oga ya ce wanda ya taɓa na'ura shi ke rubutawa.

Ɗan'uwa ma'aikaci, in aka miƙo maka takardar aiki da lamba ɗaya tsirara, ka mayar a rubuto lambobi uku na K-L-M masu nuna ainihin mazaunin gidan, kuma ka kira layin da kunnenka ka ji wanda zai ɗauka kafin ka sha shayi.