Masu Kallon Fure da Masu Gudun Jirgin Ƙarshe

A watan Maris na kowace shekara, ma'aikatan hukumar kula da yanayi ta Japan sukan je harabar wurin bauta na Yasukuni a Tokyo, sanye da kwat, su tsaya gindin wata bishiya suna ƙirga fure, 'yan jarida na bayansu da kyamarori. In biyar ko shida sun buɗe, sai a yi shela cewa furen sakura ya fara. In huɗu ne, kowa ya kama gabansa sai gobe. Kimanin mako guda bayan shela bishiyoyi su cika fal, bayan wani makon iska da ruwan sama su kakkaɓe su. Birnin kuma yana da nasa wa'adin: jiragen ƙasa suna tsayawa jim kaɗan bayan sha biyun dare, sai kusan biyar na asuba. Baƙon da ya zo don ya haɗa kallon fure da yawon dare, tsakanin waɗannan wa'adi biyu halinsa ke fitowa.

Wanda ya fi kowa shiri shi ne malamin hasashe. Tun Nuwamba ya yanki tikiti, wayarsa cike da taswirori. Ya san yawancin bishiyoyin nan irin Somei Yoshino ne, kuma duk daga tushe ɗaya aka yi musu aure, kamar yadda ake auren mangwaro, shi ya sa suke buɗewa tare su zube tare. Ya san a Kyoto akwai tarihin ranakun furen tun shekara ta 812, kuma a 2021 ya cika ran 26 ga Maris, da wurin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Ya ga a 2023 an yi shelar Tokyo ran 14 ga Maris, sai ya yi lissafi ya sauka ran 20 ga Maris na 2024. Shelar wannan shekarar ba ta zo ba sai ran 29, yana ɗaure jaka. Kwanakinsa ya yi su yana ɗaukar hoton rassa tsirara, dararensa kuma a wata mashaya mai kujeru shida a Golden Gai, yana yi wa mai shagon lacca kan sauyin yanayi. Mai shagon dai kai yake gyaɗawa yana rubuta kuɗi.

Akwai mutum ɗaya a lambu da bai zo da son ransa ba: mai gadin tamfol. A Japan shekarar aiki tana farawa 1 ga Afrilu, kuma tsohuwar al'ada ce a tura ƙaramin ma'aikaci ya kama wa ofis wuri. Tun sassafe zai shimfiɗa shuɗin tamfol a Ueno ko Yoyogi, ya liƙa takarda mai sunan kamfani, ya zauna a tsakiya shi kaɗai da kwat da nakatayi, sanyi na kaɗa shi. Duk Tokyo ba wanda ya kai shi samun lokacin kallon fure, amma gyangyaɗi yake yi. Da yamma manya su iso, kowa ya tuɓe takalmi a bakin tamfol kamar zai shiga ɗaki, a jera su ƙafa-ƙafa, shugaba ya zauna ya ba bishiyar baya. Baƙon da ya taka tamfol ɗin nan da takalmi ba za a zage shi ba. Kallo ɗaya za a yi masa, ya daɗe yana tunawa.

Acici ba ya wahalar da kowa. Shi rumfunan abinci ya zo wa: taliyar yakisoba, ƙwallayen takoyaki masu naman dorinar ruwa, da dango mai kala uku a tsinke. Ya sayi sakuramochi yana jiran zaƙi zalla, sai ya ji gishiri, domin ganyen da ake naɗe shi a gishiri ake tsuma shi. Bayan nan ya yi ta yawo da leda a hannu, don kwandon shara ya yi ƙaranci a titunan birnin tun bayan wani harin iskar guba da aka kai a 1995.

Sarauniyar hoto kuwa a kogin Meguro take sauka, inda bishiyoyi wajen 800 suka yi rumfa a kan ruwa tsawon kusan kilomita huɗu, da dare a kunna fitilu masu ruwan hoda. Ta zo da riga shara-shara da ta dace da launin furen, alhali daren ƙarshen Maris a Tokyo sanyi ne na gaske. Maigidanta ke riƙe da rigar sanyi, da jaka, da kofinta, da wayar da ake ɗaukar hoton. Ta tsaya kan gada, masu tsaro na roƙo da lasifika kada a tsaya, mutum ɗari na bayanta. “Sake ɗauka, hannun wani ya fito,” in ji ta, haƙoranta na haɗuwa. In ta sauka Kyoto sai ta bar bishiya ta koma bin 'yan matan maiko, masu koyon rawa da waƙar gargajiya, a lungunan Gion, sai ta ci karo da allon da ke gargaɗin tarar yen 10,000 ga mai ɗaukar hoto a hanyoyin da ba na gwamnati ba.

An ce taura biyu ba ta taunuwa, sai ga wani baƙo biyar ya cusa. Jadawalinsa ya fara da lambun Shinjuku Gyoen, inda ya iso da kwalba a jaka bai san an hana shiga da giya ba, kuma ana rufe ƙofa tun da sauran haske. Daga nan Chidorigafuchi, tafkin da ke gefen fadar sarki, inda ya yi niyyar tuƙa kwalekwale ƙarƙashin rassa, ya tarar da layi ya miƙe har ya karya kwana. Ya ruga Meguro ya yi minti goma, ya dawo Shinjuku. A Kabukicho wani mai fara'a ya tare shi da alkawarin sha iya shanka kan farashi ɗaya, lasifika a bisa kansa na gargaɗi kada a bi masu jan baƙi, shi kuwa bai ji ba sai da takardar kuɗi ta zo. Sha ɗaya na dare ya faɗa jirgin layin Yamanote zai tafi gidan rawa a Shibuya. Layin nan zagaye yake yi, tashoshi 30 cikin kusan awa guda, kujerun kuma da ɗumi. Ya wuce Shibuya sau biyu baki buɗe.

A 2023 da 2024 furen ya faɗo cikin watan azumi, sai ga wani iri ya bayyana. Shi yakan sha ruwa a Tokyo Camii, masallacin nan mai ginin Turkawa a Yoyogi-Uehara, ya yi sallah, sannan ya fito kallon dare da ƙarfinsa daidai lokacin da ƙarfin kowa ke ƙarewa. Abin shansa gwangwanin shayi mai zafi daga injin bakin titi, mai jan tambari, don shuɗi na sanyi ne. Kowane abinci sai ya haska masa waya yana neman alade ko mirin, giyar shinkafar da ake girki da ita, a ƙarshe ya haƙura ya nufi shagunan halal na Shin-Okubo. Da yake shi kaɗai hannunsa ba ya rawa, duk taron da ya wuce sai an miƙa masa waya ya ɗauke su. Rabin hotunan da suka fito tsaf a daren nan aikinsa ne, ba ya cikin ko ɗaya.

Sha biyu da 'yan mintuna ake gudun fanfalaki a tashar Shinjuku, masu kwat da masu dogon takalmi, kuma kullum akwai wanda ƙofa ke rufewa a kan hancinsa. Tasi na nan, amma daga goma na dare ana ƙara kashi 20 cikin ɗari. Akwai otal mai akwatunan kwana, irin wanda aka fara a Osaka a 1979, sai dai a makon fure duk sun cika. Saura ɗakin karaoke, wanda ake kamawa har biyar na asuba. Nan zai yi waƙa biyu shi kaɗai don kada kuɗinsa ya tafi a banza, ya kwanta kan benci da makirufo a ƙirji. Shida na safe ya isa otal ɗin da ya biya bai kwana ba, ya tarar ƙarfe goma ake sakin ɗaki, ga tikitin jirgin Kyoto a aljihu, inda tun watan jiya ya tsara zai ga babbar bishiyar lambun Maruyama da magariba, ya wuce mashayun Pontocho.