Babur Mai Faɗin Maƙogwaro

Saurayin Alakoss in kuɗin kaka suka shigo, sai ya kai babur Gure, bakanike ya kankare bututun da ke kai wa inji iska, wai don ya yi fiffike. Kafireta kuwa ba wanda ya shawarce ta. Inji na son iska kusan kashi 15 kan kashi 1 na fetur. Iska ta ƙaru, mai bai ƙaru ba, sai tari da zafi, fulogi ya yi fari fat. A sa wa kafireta babban jet, tanki ya koma rariya. Ana cikin daidaitawa rairayi ya riƙe taya, mai jaki ya ja burki: "Sannu, Malam direba. A kawo igiya ne?"