Zuwa ga Babarbaren Farcha, Almajirin Na'ura

Wushe, bawana! Labari ya iske ni har ruga cewa tun da ka shiga koyon malantar kurame da makafi, alli bai ƙara ɓata maka yatsa ba. Wai da asuba, kafin ka gaida tsohuwa sai ka gaida ChatGPT. Yaron da aka haifa a Nuwamban 2022, jiya-jiya aka yaye shi, shi ne yau malaminka, ku da kuke cika mana baki da Borno gidan karatu.

An ce darasi ka roƙe shi a kan saniya, domin kurame. Ya zubo maka shafi uku na Faransanci mai santsi, har da shawarar a kunna wa yara kukanta su saurara. Ka kwafe tsaf ka kai aji! Haba Babarbare. Mayankar Farcha na nan a unguwarku, shanunmu na wuce ƙofarka kullum. Da ka leƙo da yaran waje, da su za su koya maka alamar: hannu biyu a ka, ƙaho ya fito, darasi ya ƙare.

Zo in ba ka karatu kyauta, tunda ubangida ba ya cajin bawansa. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kuramen Chadi jikar ta Amurka ce. Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, shi ya fara buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, aikinsa ya bazu har ya iso nan. To kai kana tambaya da Faransanci, me zai hana na'ura ta miƙo maka alamun kuramen Faransa? Ka shiga aji kana wurga hannuwa, yara su ɗauka ƙuda kake kora. Kuma rabin maganar a fuska take. Gira ce ke nuna tambaya ake yi, shi kuwa malamin naka ko girar ba shi da ita.

Ban ce na'urar ba ta da rana ba. Wayar da ke karanta wa makaho takarda da murya ta yi abin a yaba, ni ma nakan sa ta lissafa mini kuɗin nono a ɓoye. Amma gwada ta da Larabcin kasuwar Injamena ka ga yadda take inda-inda. Ran da aka ɗauke wuta kuwa, kai da ita duk ku zama 'yan kallo.

An ce rubutun makafi ma ya gagare ka, ɗigo shida kacal. Kada ka damu. Da wannan tsagar da ke fuskarka, ɗalibanka na shafawa za su karanta sunanka har da na kakanka.

Cika-ciki ya kusa. Ka tanadi kuɗin sharata, tsaba, sefa a hannu. Kada ka kuskura ka ce na'ura ta rubuto mini uzuri.