Mu da Rufin Ɗakunanmu

Tunda babu baƙo a cikinmu, mu faɗa wa juna gaskiya: wa ya taɓa leƙa cikin silin ɗakinsa haka kawai don ya ga lafiyar rufi? Mu dai sai hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa kwano, sannan maigida zai tuna maƙwabci yana da tsani, alhali tun muna yara muke jin cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma fa mun san inda ɗaki yake yoyo fiye da yadda muka san lambar wayarmu. Uwargida ko cikin duhu za ta dire bokiti a daidai wurin, roba a gindin taga, tukunyar miya a gefen gado, ba ta kuskure ko da taku ɗaya. Kafin Agusta ya ƙare gadon ya zaga kusurwa huɗu yana gudun hijira. Ruwa na ɗaukewa sai mu ce bari rani ya zo, rani ya zo mu ce ai ba ya yoyo yanzu, gaggawar me ake?

Kakanninmu da muke wa kallon mutanen da, duk shekara kafin ruwan farko sai sun hau soro sun yi yaɓe, sun share bakin indararo, masu hali su shafe bango da makuba, azararsu kuwa ta giginya ce, gara ba ta cin ta da daɗi. Mu 'yan zamani gyaranmu shi ne a ɗora dutse da tsohuwar taya a kan kwano, a liƙa kwalta a ramin ƙusa, a sauko ana karkaɗe hannu kamar an gina bene.

Cikin silin kuwa unguwa ce guda, kuma babu mai biyan haya. Ɓeraye na tseren dare, jemagu sun mayar da wurin masauki, mu kuma mu daki silin da sandar tsintsiya mu koma barci. Gara ta ja layin ƙasarta tun daga tushen bango har katako, mu kankare na waje mu ce mun gama da ita, ita kuwa tana ciki tana cin abincinta. Mun iya cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga idan muna sulhunta ma'aurata, amma tsagar bangonmu kalanda muka rataya a kanta.

Wayar wuta ce ma abin tsoro, don ɓera na gwaguyar robarta ya bar ƙarfe tsirara a jikin busasshen katako. Duk da haka kowannenmu injiniya ne: waya ta tsinke, a ɗaure da baƙar leda, soket ya yi baƙi, a tura kujera gabansa. Mu ji ƙaurin roba, mu ce maƙwabta ne ke ƙona shara. Bango ya jiƙe har yana jan mutum, maimakon a kashe wutar a kira mai gyara, sai a ce wa yara su riƙa sa silifa.

Ni ma da nake wannan surutu, tsanin da na aro wurin maƙwabcina bara yana nan jingine a bayan ɗaki, ban taka ko matakala ɗaya ba. Malam, ka ƙara min haƙuri zuwa Asabar.