Zuwa ga Bazazzagi Mai Karanta Zukata

Bazazzagi bawana, labari ya iso mana Kano cewa ka bar wot ɗin gindin bishiya ka koma kallon kartar Amurkawa, poker, a waya, har kana gaya wa mutane yanzu kana karanta zuciyar ɗan Adam. Kai da uwargida ke gane ka ciwo bashi tun daga sallamarka! Gyara zama ubangidanka ya yi maka karatu kyauta, tunda ko an yanka kuɗi ba biya za ka yi ba.

A Texas Hold'em, wadda ka fi kallo, kati biyu ake ba kowa a rufe, a buɗe biyar a tsakiya. Ba wanda ke ganin na wani, don haka wasan ya koma na zato. Masana irin su David Sklansky sun jera tunanin hawa-hawa. Na ƙasa: me ke hannuna? Na samansa: me ke hannun wancan? Sai kuma: me yake zaton ina riƙe da shi? Daga nan: me yake zaton ina zaton yana riƙe da shi? Na san kanka ya fara ciwo, sha ruwa. Abin da gwanaye suka yarda da shi shi ne ka ɗara abokin karawarka da hawa ɗaya tak. In ka haura uku alhali shi katinsa kawai yake kallo, ƙifta wa makaho ido kake yi.

Dubi abin da ya faru a Las Vegas a 2003, a babbar gasar duniya da ake biyan dala 10,000 kafin a zauna. Cikin mutum 839 saura biyu: Chris Moneymaker, wani akanta daga Tennessee da ya samu kujerarsa ta wasan intanet, da Sam Farha, tsohon hannu, taba a baki ba a kunna ba. Moneymaker na riƙe da sarki da bakwai, babu abin da suka haɗu da shi a tebur. Farha kuwa tara ɗinsa ta dace da tarar da ke tsakiya, shi ke kan gaba. Da aka buɗe katin ƙarshe sai akantan nan, ya ɓuya a bayan baƙin tabarau da hular hana-salla, ya tura duk abin da ke gabansa. Farha ya daɗe yana juya lamarin, yana jan sa da magana ko zai ga wata alama. Bai ga komai ba. Ya ajiye katin da ya fi. Daga baya Moneymaker ya cinye gasar, ya tashi da dala miliyan 2.5.

Ka ga tunani ne ya kayar da Farha. Da kai ne a kujerar, wallahi da akantan ya shiga uku, don kai da ka ga tara biyu za ka biya, ba ruwanka da abin da wani ke nufi. Burga ba ta cin wanda ba ya tunani. Wannan baiwa ce Allah ya yi wa Zazzagawa, kuma ba ma yi muku hassada.

Kada ka ɗauka burgar ma rashin kunya ce kawai, lissafi ce. John von Neumann, a littafin da suka fitar da Oskar Morgenstern a 1944, ya nuna cewa mai wasa daidai yakan zuba kuɗi da mafi kyawun kati da kuma mafi muni, ya yi shiru da na tsaka-tsaki. A ce dala 100 ce a tsakiya, ka ƙara 100. Wancan zai sa 100 don ya ci 200, wato ko sau ɗaya cikin uku ya yi nasara bai faɗi ba. Saboda haka in kashi ɗaya cikin uku na irin wannan zubin naka burga ce, ya biya ko ya ajiye duk ɗaya ne gare shi, ya rasa inda zai kama ka. Da wannan hanya kwamfutar Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta lallasa ƙwararru huɗu a Pittsburgh a 2017, rabon kati sau 120,000 cikin kwana 20, ba tare da ta kalli fuskar kowa ba. Kai kuwa in kati ya yi maka kyau hula kake turowa gaban goshi, in ya ɓaci ka hau tsaki. Ko yaron mai shayi ya gama karanta ka.

An ce ka rantse ba ka sa ko sisi, kallo kawai kake yi. Na yarda, ba don tsoron Allahnka ba, don na san aljihun. Ka dai tsaya a kallon, caca caca ce ko da Bature ne ya yi mata lissafi. In kuma za ka shigo Kano ranar Juma'a, ka bar kartar a Kwangila, 'yan Hisba ba su san wasan Kanawa da Zazzagawa ba, ni kuma ba zan je beli ba.