Kowa da Sabis ɗin Unguwarsu

Mu mutanen wannan hayi na Kaduna, daga Kawo har Kabala Doki, babu wanda ya kai mu sanin kamfanin intanet da ya fi kyau. Matsalar dai kowa da nasa. Ka zauna a majalisa bayan isha'i ka ce kana son sa intanet a gida, kafin shayinka ya huce an ba ka fatawa huɗu. Wannan ya rantse da MTN. Wancan ya ce tun da Glo ta zo a 2003 bai taɓa sauya layi ba. Na uku ya ce a jira a ga kamun ludayin 9mobile. Sai Baba da ke kan kujera ya gyara murya ya ce, "Yaro, sayi Celtel ka huta," alhali sunan ya bi ta Zain ya koma Airtel tun 2010.

Abin dariyar, dukkansu gaskiya suke faɗa. Sabis ba ya bin talla, ƙarfen sabis yake bi: nisanka da shi, kaurin bangonka, da yawan mutanen da kuka taru a kansa. Layin da ke gudu a Malali yana iya rarrafe a Hayin Banki, wanda kuma ya yi tashe a Badarawa da hantsi sai ya kwanta da ƙarfe tara na dare, lokacin da unguwa duka ta buɗe TikTok. Shi ya sa kowane gida yake da kusurwar da aka sani. Wani gidan tagar ɗakin baƙi ce, wani saman firji, wani kuma sai an fita tsakar gida an ɗaga hannu sama.

Yawancinmu da wayar maigida muka fara. Ya kunna hotspot, iyali su yi layi. Idan ya tafi Kasuwar Gumi, intanet ɗin gidan ya bi shi, sai magariba su dawo tare. Daga nan aka koma ɗan MiFi mai batir, sannan rauta da ake jona wa wuta. Da MTN ta buɗe 5G a 2022 a birane bakwai, Kano na ciki, Kaduna babu, kuma abokan wasanmu ba su bar mu mun manta ba. Wataƙila haushin hakan ne ya sa wasunmu ke sayen rautar 5G tun ba su tambaya ko ta iso layinsu ba, a kai ta gida ta ci gaba da aikin 4G cikin natsuwa.

Masu zurfin aljihu sukan yi zancen faiba, wayar da ake ja har cikin falo. Ita ba ruwanta da kaurin bango, gudunta kuma ya fi tsayawa daram. A 2020 gwamnatin jiha ta yafe wa kamfanoni kuɗin haƙa hanyar binne ta, amma kamfani yakan fara bin layin da yake ganin zai mai da kuɗinsa, don haka tambayar farko ita ce ko ta zo ƙofarka. Babbar abokiyar gabarta katafilar masu aikin titi. Sai kuma Starlink, da ta shigo Najeriya a Janairun 2023. Farantinta sarari kawai yake nema a saman kwano, amma kuɗin saye da na wata sukan sa Alhaji ya cire hula ya sosa kai, shi ya sa wani lokaci maƙwabta kan yi karo-karo.

Duk wanda ka zaɓa, akwai abubuwa biyu da ba a rubuta a jikin kwali ba. Na farko wuta. Rauta ba ta san uzurin NEPA ba. Idan babu sola ko inbata, ka biya kuɗin wata guda, ka mori rabi. Na biyu lambar sirri. "Yaya, don Allah sa min, aikin makaranta zan tura." Ka sa masa. Uwargida ta ba maƙwabciya saboda zumunci, maƙwabciya ta ba ƙanin mijinta, kafin mako ya zagayo samarin layi sun gano cewa dakalin ƙofar gidanka ya fi ko'ina iska. Kai kana jiran saƙon banki ya wuce, su suna kashi na uku na Izzar So.

A nan ne muke gane cewa tsarin da aka ce ba ya ƙarewa yakan zo da sharaɗi a ƙananan haruffa: idan ka cinye giga kaza, a rage maka gudu har wata ya ƙare. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, danna *323# ya zama mana ɗabi'a, kowa na duba saura nawa, kowa na zargin wani.

Mun kuma ga jiya. A ƙarshen Satumban 2021 an katse sabis a wasu sassan jihar saboda 'yan bindiga, mutanen gefen gari suna shigowa don su yi kira. A Maris ɗin 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mu da ba mu taɓa ganin teku ba muka sha wahalarsa a Unguwar Rimi. Don haka ba ka raba mu da sim biyu. Mun yi wa layi kishiya don ya shiga taitayinsa.

Idan za ka sa intanet, kada ka tambayi mai talla, kada ma ka tambayi majalisa. Ari sim ɗin maƙwabcinka na jikin katanga, ka gwada shi cikin ɗakinka da daddare, ka ƙirga wayoyin gidanka, ka sayi na wata ɗaya tukuna. Sai dai ka sani, ranar da ka sa rautar, shi ne zai fara yi maka sallama ya zo karɓar ladan aro.