Ku Ƙirga Masu Rai

Na san abin da za ku ce tun kafin ku gyara zama: "Kare muhalli? Zancen masu cin alawus ɗin taron bita ne." Akwai su kam, ban musa ba. Amma Alhaji, kai da ke sayen buhun yuriya a kasuwar Funtuwa kana salati saboda tsada, ka zuba a gona, zangarniyar masara na ƙanƙancewa, ƙuduji kuwa na ta fure abinsa, wa ya fi ka buƙatar zancen?

Ƙungiyoyinmu na manoma, daga Bakori har Ƙafur, buri bai yi musu kaɗan ba. Shugaba zai miƙe ya ce bana za a dasa bishiyoyi, a yi tafi, a ɗauki hoto da dashen darbejiya, a watsa a Facebook. Kafin watan Maris awaki sun rufe taro. Kada ku ji kunya da yawa: Tarayyar Afirka ma ta ƙaddamar da shirin katangar bishiyoyi a 2007, aka ɗauki alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, har yau da sauran tafiya.

"To malam, me za mu rubuta?" Abin da ke ƙirguwa, da sunan mai shi, da ranar dubawa. Bishiyar da ta tsallake rani ita ce bishiya, ita za a sa a littafi. Kowane mamba ya faɗi gonar da zai bi da waken suya bayan masara, don saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi. A tara robobin maganin feshi a huda su, kafin su koma gida a matsayin butar ruwan sha. Littafin kuwa a damƙa wa wanda ya fi kowa gardama a ƙungiya. Wanda bai yarda da kowa ba, ba a yi masa aringizo.

Ga wani can ta Malumfashi yana cewa bishiya cin gona take yi. Baba, gawo fa? Da damina yake kaɗe ganye, ya bar wa shuka rana, ya bar wa ƙasa taki. Danginku Katsinawan Maraɗi sun gane haka. Tun wajajen 1983 manoma can suka fara barin kututture ya toho, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su sassabe sauran. Ba kuɗin dashe, ba ban ruwa. An ƙiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, inda ruwan sama bai fi kusan rabin namu ba.

Har yanzu kuna girgiza kai? Hanyar Maraɗi ta Jibiya take. Ku je da rani, ku tafi da shugaba, kuma kuɗin mota daga aljihunsa.